Jirgin Ƙasan Cikin Gari: A Ƙofar Wa Zai Tsaya?

A watan Afrilu na shekarar 2024 aka buɗe wani sabon layin jirgin ƙasa na cikin gari a Bellevue, wani gari mai mutane kimanin 150,000 da ke gabashin birnin Seattle, a jihar Washinton ta ƙasar Amurka. Tafki ne ya raba garuruwan biyu. An yi biki, an yanke ƙyalle, 'yan siyasa sun yi jawabai. Sai dai duk fasinjan da ya sauka a babbar tashar garin da niyyar zuwa Bellevue Square, wato katafaren rukunin kantunan da garin ya yi suna da shi tun 1946, dole ya taka sayyadarsa ta kimanin mita 800 kafin ya isa ƙofar kanti. Wannan tazara ita ce abin da ya rage bayan an shafe shekaru ana kai ruwa rana a majalisar gari da kotu da akwatin zaɓe, a kan tambaya guda: idan jirgin ya fito daga birni ya shigo garin masu hali, ta ina zai bi, kuma a ƙofar wa zai tsaya?

Mai karatu na iya cewa me ya kai mu Bellevue alhali ga namu matsalolin jibge. Dalilina shi ne, a can an yi gardamar a bainar jama'a, saboda haka ana iya bin sawunta taki bayan taki. Mu kuwa galibi sai dai mu wayi gari mu ga an kafa allon kwangila.

Tun da sana'ata nazarin harshe ce, bari in gyara wa kalmomi biyu zama kafin mu yi nisa. Ta farko ita ce sunan jirgin kansa. Amurkawa suna kiransa da sunan da ke nufin jirgi "marar nauyi", sunan da hukumar sufurinsu ta ƙago a 1972 tana kwaikwayon abin da Jamusawa ke kira jirgin birni. Rashin nauyin ba na ƙarfe ba ne, na yawan fasinja ne, domin bai kai jirgin ƙarƙashin ƙasa irin na Landan ɗaukar jama'a ba. Yana shan lantarki daga wayar da ke bisa kansa, yana jan tarago ɗaya zuwa huɗu, kuma yana iya bin titi kafaɗa da kafaɗa da motoci, ko ya hau gada, ko ya nutse cikin rami. Wannan sauƙin hali nasa shi ne mafarin rigima. Tun da ko'ina yana iya bi, kowa yana da inda yake so ya bi da inda ba ya so.

Kalma ta biyu ita ce "bayan gari". A kunnen Bahaushe, bayan gari wurin wanda kuɗin haya ya kora ne daga tsakiyar birni. Da an ambace shi sai zuciya ta tafi Nyanya ko Mararraba. A Amurka ta bayan yaƙin duniya na biyu abin ya zo a juye: masu hali ne suka shiga motocinsu suka fice gefe, suka bar wa talakawa da baƙaƙen fata tsakiyar birni. Da tafiya ta yi tafiya sai waɗannan garuruwa na gefe suka tsirar da tasu cibiyar, da dogayen benaye da manyan kantuna, kowane kanti da makeken filin ajiye motoci. Bellevue ɗaya ce daga cikinsu. Kafin a shimfiɗa gadar farko a kan tafkin a 1940, gonaki ne suka fi yawa a wurin.

A watan Nuwamba na 2008 masu jefa ƙuri'a na yankin suka amince a ƙara musu harajin saye da sayarwa domin hukumar sufuri ta Sound Transit ta faɗaɗa layin dogo. Cikin shirin har da layi mai tsawon kimanin kilomita 22 da zai tashi daga Seattle, ya haye tafki ta kan gadar babbar hanyar I-90, ya ratsa Bellevue, ya dangana da harabar kamfanin Microsoft a Redmond. Gadar ba ta da ginshiƙi a ƙarƙashin ruwa, a kan manyan akwatunan kankare take shawagi, kuma kafin wannan aiki ba a taɓa ɗora irin wannan jirgi a kan irin wannan gada ba.

Babban wanda ya ja daga shi ne Kemper Freeman, attajirin da ya gaji Bellevue Square daga mahaifinsa. A nan ne abin yake ba baƙo mamaki, domin a tunaninmu ɗan kasuwa shi ne zai fi kowa murna idan an ce za a riƙa sauke masa dubban mutane a bakin shago. To amma kasuwancin Freeman a kan mota aka gina shi, da dubban wuraren ajiye mota kyauta, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya daɗe yana cewa layin dogo yana cinye biliyoyin dala amma kaso kaɗan na zirga-zirgar jama'a yake ɗauka, kuma da an zuba kuɗin a faɗaɗa hanyoyi da sayen bas-bas da cunkoso ya fi raguwa. Bai tsaya a magana ba. A 2011 ya kashe fiye da dala miliyan 1 wajen tallata wata ƙuri'ar raba gardama wadda, da ta yi nasara, da ta hana a ɗora dogo a kan gadar. Jama'a suka kayar da ita. Ya kuma garzaya kotu da hujjar cewa tsarin mulkin jihar ya keɓe harajin man fetur domin hanyoyin mota kaɗai, kuma da wannan haraji aka gina gadar. A 2013 kotun ƙolin jihar ta yanke hukuncin da bai yi masa daɗi ba.

Ni dai ina ganin duk mai son jirgi ya kamata ya tsaya ya fuskanci hujjar Freeman, kada ya kauce mata. Gaskiya ne jirgin cikin gari ba ya kawar da cunkoson mota, domin duk gurbin da ya buɗe a kan titi wata motar ke zuwa ta cike shi. Amfaninsa shi ne ya bai wa mutum wata hanyar da cunkoson bai shafe ta ba, ya kuma kai marar mota inda aiki yake. Wannan amfani kuwa a kan abu guda ya rataya, wato yawan gidaje da ofisoshi da shagunan da ke kusa da tasha. Masu tsara birane suna da ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi: yawancin mutane suna yarda su yi tafiyar minti goma a ƙafa, kimanin mita 800, domin su hau jirgi, daga nan kuma adadinsu ya fara zubewa. Ka ɗauki taswira ka zana da'ira mai wannan faɗi kewaye da tasha. Abin da ya faɗo cikin da'irar shi ne arzikin tashar har abada, domin ana iya sauya wa bas hanya da safe ɗaya, dogo kuwa inda aka shimfiɗa shi nan zai tsufa. Tun ran gini ran zane.

Wannan ya sa gardamar da ta fi muhimmanci a Bellevue ita ce wadda aka yi a majalisar gari, ko da yake ba ta kai ta kotu amo ba. Bayan zaɓen 2009 kansilolin da suka fi rinjaye sun so a kawar da layin daga unguwannin zama na kudancin gari, a bi da shi ta wani tsohon layin dogo da ke gefen babbar hanyar I-405. Ɗaya daga cikinsu, Kevin Wallace, ya kawo shawarar a ɗaga layin sama a gefen wannan hanya, a dasa tasha a can bakin cibiyar garin, sa'annan a haɗa ta da tsakiyar gari da wata doguwar baranda mai shimfiɗar da ke tafiya da mutum. A takarda shawarar tana da kyau: ba a rushe gida da yawa, ba a tone titin kasuwa, ba a damu kowa da ƙara ba. Amma idan ka zana da'irar nan kewaye da tashar da ke jingine da babbar hanya, kusan rabinta kwalta ce da motoci masu gudu. Kwalta kuwa ba ta sayen tikiti.

A nan ne nake ganin tarkon da ke cikin irin wannan muhawara a ko'ina. Wanda ya kasa kashe aikin gaba ɗaya sai ya koma neman a tura shi gefe. Idan an tura shi gefe fasinja ya yi ƙaranci, sai ya dawo da alƙaluma a hannu yana cewa ai dama na faɗa muku. Kuɗin da aka kashe bai ragu sosai ba, amfanin ne ya ragu.

Sulhun da aka cimma a ƙarshen 2011 shi ne a nutsar da jirgin cikin rami mai tsawon kimanin mita 600 a ƙarƙashin cibiyar garin, bisa sharaɗin Bellevue za ta ba da gudummawar da za ta iya kaiwa dala miliyan 160. Da aka zo neman rage kuɗi a 2013, sai aka fasa gina tashar a cikin ramin, aka fito da ita waje, a gefen hedikwatar majalisar gari, ta ƙara matsawa gabas. Haka aka samu tazarar nan da ke tsakaninta da kantuna. An fara aiki a 2016 da fatan gamawa a 2023, sai aka gano cewa dubban matasan kankaren da aka ɗora dogo a kansu a ɓangaren hanyar I-90 ba su da inganci, dole aka farfasa aka sake. Shi ya sa aka fara buɗe guntun layin da ke gabashin tafki a 2024, aka ƙara shi zuwa tsakiyar Redmond a watan Mayu na 2025, kuma har shekarar 2025 ta ƙare jirgin bai soma haye tafkin da fasinja ba.

Batun ramin yana da wani ɗaci ga wanda ya san tarihin layin farko. Lokacin da aka tsara shi ta kudancin Seattle, ta yankin Rainier Valley inda baƙi 'yan ci-rani da masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa, mazauna sun nemi a yi musu rami su ma. Har kotu suka je, ba su samu ba. Aka shimfiɗa dogo a tsakiyar titi, aka ware asusu na dala miliyan 50 domin tallafa wa unguwar da masu shagunan da tonon titi ya kashe wa kasuwa, aka buɗe layin a 2009. Tun daga lokacin ake samun haɗurra tsakanin jirgi da motoci da masu tafiya a ƙafa a wannan titi. Garin da ke da abin biya ya sayi rami, unguwar da ba ta da shi ta karɓi abin da aka ba ta.

Akwai kuma wata hujja da ba kasafai ake furta ta a zauren taro ba, sai a bayan fage. Ba ina jingina ta ga Freeman ba, domin shi tasa ta kuɗi ce kuma a fili ya faɗe ta. Amma a wasu garuruwan ta fito ƙarara. Da aka buɗe layin Baltimore a 1992, cikin shekara biyu wasu mazauna bayan gari suka tashi haiƙan sai an rufe tashar unguwarsu, wai jirgin yana kawo musu ɓarayi daga cikin birni. Har laƙabi suka yi masa: sun sauya wasali ɗaya tak a sunansa na Ingilishi, sai ma'anar ta tashi daga "jirgi marar nauyi" ta koma "jirgin ganima". A matsayina na ɗalibin harshe na yaba wa gwanintar, amma duk wanda ya san launin fatar mafi yawan mazauna tsakiyar Baltimore ya san wa ake nufi. Masu bincike na jami'ar UCLA sun bi diddigin irin wannan zargi a kan wani layi na birnin Los Angeles, suka fitar da sakamako a 2003, ba su kuwa sami shaidar cewa jirgin ya yi jigilar laifi zuwa unguwannin masu hali ba. Hankali ma ya isa ya nuna haka. Wane ɓarawo ne zai saci talabijin ya rungumo ta ya zo ya tsaya jiran jirgi a gaban kyamara?

Wanda jirgin yake ɗaukowa da gaske shi ne mai shara da mai gadi da mai soya abinci da yarinyar da ke kan kanta, mutanen da kanti ba ya buɗewa sai da su. Abin da tazara ke jawo wa irin waɗannan ya bayyana a 1995 a wajen birnin Buffalo na jihar Niyu Yok. Masu rukunin kantunan Walden Galleria ba su yarda bas ɗin da ke fitowa daga unguwannin tsakiyar birni ya shiga harabarsu ba, alhali motocin 'yan yawon sayayya daga Kanada suna shiga. Sai ya zama bas yana sauke fasinja a tsallaken wani titi mai layi bakwai, wanda ba a tanadi mahayar masu ƙafa a kansa ba. A watan Disamba na shekarar, cikin dusar ƙanƙara, wata baƙar fata 'yar shekara 17, mai jego, da ke aiki a wani gidan abinci cikin kantunan, ta sauka tana ƙoƙarin hayewa sai tifa ta take ta. Ta rasu bayan 'yan makonni. Sai bayan da jama'a suka yi ca aka bar bas ya shiga, kuma a 1999 aka sasanta shari'ar a kan dala miliyan 2.55.

Wasu 'yan kasuwar sun yi wani lissafin dabam. A Bloomington ta jihar Minnesota, jirgin cikin gari ya isa Mall of America a watan Disamba na 2004, kuma tasharsa a ƙarƙashin benen ajiye motocin kantunan take. Fasinja ya taso daga tsakiyar Minneapolis ko daga filin jirgin sama, ya sauka ya hau bene, ya tsinci kansa a cikin kasuwa. Shekara ashirin ke nan da ɗoriya, kasuwar tana nan tana ci.

Adalci ya sa in faɗi abin da ya biyo baya a Bellevue, domin bai tafi daidai da hasashen kowane ɓangare ba. Da tashar ta ƙi zuwa wurin gari, sai gari ya fara tasowa wurin tasha. Kamfanin Amazon ya gina dogon bene dab da ita. A tasha ta gaba kaɗan, inda da rumbunan ajiyar kaya ne, an tayar da sabuwar unguwa sukutum mai suna Spring District, inda kamfanin Facebook ya sayi wani babban gini a 2020, tun jirgi bai fara gudu ba. Sai dai wannan bai faru don albarkar dogo kawai ba. Majalisar gari ta sauya dokar amfani da filaye a yankin tun 2009 domin a iya gina benaye, ga kuma masu jari da ke jiran dama.

Idan babu waɗannan biyu, tashar da aka dasa a gefe zaman kaɗaici take yi, kuma ba sai mun je Amurka neman misali ba. An ba kamfanin CCECC kwangilar jirgin cikin garin Abuja a 2007, aka ciwo bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, Shugaba Buhari ya buɗe shi a watan Yuli na 2018. Ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai sake motsi ba sai da Shugaba Tinubu ya sake buɗe shi a ranar 29 ga Mayu, 2024, ya kuma ce a hau kyauta har ƙarshen shekarar. Tashoshi 12 ne: daga tsakiyar birni zuwa filin jirgin sama ta Idu, da reshe daga Idu zuwa Gbazango ta Gwagwa da Dei-Dei da Kagini. Wannan kashi na farko bai leƙa Nyanya da Karu da Mararraba ba, inda dubban ma'aikata ke kwana su yi sammako su shiga cunkoson hanyar Keffi. Bai tsaya a Kasuwar Wuse ba. Wasu tashoshin kuwa sai da aka yi musu hanyoyin mota kafin buɗewa ta biyu, abin da ke nuna cewa shekara shida suka yi ba a iya isa gare su cikin sauƙi. Ka ɗauki da'irar mita 800 ka ɗora a kan Kukwaba ko Wupa ko Bassanjiwa, ka ƙirga rufin kwano nawa ya faɗo ciki. Sa'annan ka tuna cewa mita 800 a ranar watan Afrilu ta Abuja ba ɗaya take da ta Bellevue ba, kuma tun 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birnin. Wanda ya sauka daga jirgin kyauta sai ya biya tasi.

Tun 2016, lokacin da gwamnatin Ganduje ta rattaba hannu da wani kamfanin ƙasar Sin, ake ta maganar jirgin cikin garin Kano. Duk ranar da maganar ta tashi daga takarda, gardamar Bellevue za ta zo mana da tamu rigar. Mai shago a Kantin Kwari ko Singa ko Kasuwar Sabon Gari ba zai ji tsoron fasinja ba, shi da ke neman jama'a ido rufe. Tsoronsa shekara biyu ko uku da za a toshe masa gaba da ramuka da katanga, kuma wannan tsoro ne mai tushe, wanda asusu irin na Rainier Valley ya kamata ya amsa tun kafin a kawo katafila. Ɗan kwangila kuma, da jami'in da ke gudun biyan diyya, za su fi son layin ya bi ta inda fili yake a buɗe, wato inda ba kowa. Saboda haka abin da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na injiniyoyi da malaman jami'a su nema shi ne taswira, a buga ta a jarida da sunan kowace tasha da nisanta daga ƙofar kasuwa mafi kusa, a ba jama'a wata uku su yi magana. A kuma faɗa tun yanzu ko za a bar ɗan dako ya shiga tarago da dilar atamfa a ka, domin matar da ta taso daga Dawanau ko Janguza ta yi sari a Kwari ba da jakar hannu kaɗai za ta koma gida ba.